Tsofaffin Hannu da 'Yan Bana-Bakwai: Gardamar Gem a Kurfi

Shekara talatin da suka wuce ba wanda zai tayar da gardamar wane ne ɗan gem na gaskiya a Kurfi, don kuwa duk masu buga shi yara ne, manya kuma ba su ɗauke shi abin da ya isa a ɓata baki a kansa ba. Sai da yaran nan suka girma, suka yi aure, furfura ta fara leƙowa a gemun wasu, sannan gardamar ta samu masu yin ta. Yau idan ka zauna a majalisar 'yan shekara arba'in bayan isha'i, yaro ya zo wucewa kansa a sunkuye yana ta latsa waya, da wuya a rasa mai cewa, "Waɗannan ai ba su san gem ba. Gem mu muka yi shi." Yaron in ya ji, abin da zai faɗa wa abokansa bai wuce, "Kawu fa har yanzu yana zamanin kaset" ba. Ga kuma dattawa a gefe, waɗanda a wurinsu da kawun da yaron duk kanwar ja ce. Magidanci mai iyali ya zauna yana kokawa da hoton cikin talabijin, ai girma ya faɗi.

Kowa dai da shekaru yake awo. Wannan ya ce ka yi ƙanƙanta, wancan ya ce ka yi girma da abin. Ni ɗan tsakiya ne, tsaran waɗancan kawunnan, kuma a ganina abin da shekaru suke faɗa game da ɗan gem bai wuce lokacin da ya shigo da farashin da ya biya a bakin ƙofa ba. Amma kafin a yarda da ni, gara a ji yadda ƙofar take a da.

Na farkon da yawancinmu muka riƙe shi ne birik gem, ɗan akwatin roba mai batir biyu da ake sayowa a kasuwannin Katsina da Kano, wani lokaci kuma ya zo cikin tsarabar alhazai. A jikinsa an rubuta wasanni 9999 ne a ciki, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, wannan ya fi wancan sauri kawai. Ba mu san cewa bulullukan da ke gangarowa muna jerawa kwaikwayon Tetris ne ba, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Daga baya sai ga na haɗawa da talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa. Shi ma kwaikwayo ne, na Famicom ɗin da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, kuma sai da ya tsufa a can ya iso mana. A cikinsa muka san Mario, muka san Contra, muka harbi agwagwa da bindigar roba. In kaset ya ƙi tashi a cire shi a hura masa iska, a mayar, a yi bisimilla.

Tun a nan aka fara samun manya da ƙanana a ilimin gem. Akwai wani sirri a Contra da ke ba mutum rai talatin maimakon uku: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A. Yau duk yaron da ya tambayi wayarsa za ta faɗa masa cikin daƙiƙa. A lokacin kuwa wanda ya san shi juya baya yake yi ya rufe hannunsa da riga kafin ya danna, kuma sai ka yi masa hidima ta kwana da kwanaki kafin ya koya maka.

Gidan gem ne ya mayar da wannan bambanci doka. Shago ne guda mai labule, da benci biyu, da ƙaramar talabijin, da ɗan janareta yana kuka a waje. Ciki zafi, warin fetur da na zufa, ga ihu. A nan kam shekaru suna da hukunci na gaske. Babba ba ya bin layi. Ko kai ka fara zuwa, ko kuɗinka na hannun mai shago, idan wani yayan unguwa ya ɗaga labule ya shigo ya ce, "Kai, miƙo nan," miƙawa za ka yi ka koma bayan benci. Ƙananan yara su ne 'yan aike: su sayo fetur a kwalba, su sayo ruwa, su tsaya a bakin ƙofa suna gadin kada mahaifin wani ya ɓullo. Ladan aikin shi ne a ba ka hannu ɗaya idan manya sun tafi salla. Don haka yaro da ido yake koyo. Sai ya yi wata da watanni yana kallon yatsun wani kafin nasa su taɓa abin, ranar da ya samu dama kuma sai a ga ya yi abin da ba a zata ba. Dokar wurin ɗaya ce take rage wa shekaru ƙarfi: wanda aka ci shi ke tashi, wani lokaci shi ke biya. Na ga ranar da wani ɗan firamare ya tayar da manya uku a jere a Mortal Kombat na Sega, na ukun ya rasa abin yi sai ya zare waya daga bango ya ce ai lokacin makarantar allo ya yi.

Sai PlayStation. A Japan ya fito a watan Disamba na 1994, amma mu sai wajen ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya zama ruwan dare a shagunanmu, kuma wasa ɗaya ne ya cinye sauran: Winning Eleven na kamfanin Konami. Rubutun ciki na Japananci ne, ba mai iya karanta ko harafi guda, sai dai hadda. Ka sauka layi kaza ka danna, ka koma gefe ka danna, ga ka a wurin canza 'yan wasa. Mai sharhin ma da Japananci yake ihu, mu kuma muna kwaikwayonsa a hanyar makaranta ba tare da sanin me yake cewa ba. Akwai faya-fayan da aka murɗe sunayen 'yan ƙwallo a ciki saboda rashin lasisi, har Roberto Carlos ya koma Roberto Larcos, kuma kowa ya san dabarar ɗauko shi daga baya a kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin ƙafarsa.

Amma namu shi ne Tijani Babangida. Haifaffen Kaduna ne, ya buga wa Ajax ta ƙasar Holan, yana cikin tawagar da ta ciyo zinare a Atlanta a 1996, kuma shi ya jefa wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 2000. A cikin gem ɗin kuwa Japanawa sun ba shi gudun da kusan ba mai kamo shi. Ka ɗauki Najeriya, ka tura masa ƙwallo ta gefen dama, ka danne maɓallin gudu, shi ke nan. Wanda bai zauna a bencin nan ba ba zai gane abin da yaron Kurfi ke ji ba idan ya ga suna irin na gidansu, Tijjani, Babangida, a cikin na'urar da aka ƙera a wata duniya, kuma mai sunan ya fi 'yan Brazil gudu. Har yau in tsofaffin hannu suka haɗu, hira ba ta nisa sai an ambace shi.

To idan kawu ya ce "mu muka yi gem," ga abin da yake ƙirgawa. Yana ƙirga kuɗin tara da ya hana cikinsa ya kai wa mai shago. Yana ƙirga bulalar da ya sha a gida da wadda ya sha a makarantar allo a rana guda kan laifi guda. Yana ƙirga shiga mota zuwa Dutsin-Ma ko Katsina don neman faifai, a dawo a tarar ya karce, sai an kifa na'urar kafin ta karanta. Yana ƙirga wasan da yake ci biyu da nema saura minti kaɗan aka ɗauke wuta, abokin karawarsa ya ce ai ba a tashi ba, ba ci. Kuma akwai gaskiya a maganarsa ta wani gefen. Wasannin kaset ba su da tausayi: rai uku ne, in sun ƙare ka koma farko, ba ajiya, ba mai nuna maka hanya. Wanda ya kai ƙarshen Mario a wannan hali ya yi haƙurin da ya cancanci a yaba.

Sai dai wahalar nan ta gari ce da zamani. Yaron da ke Tokyo a shekarar da muke hura wa kaset iska, a ɗakinsa yake bugawa, wuta ba ta ɗaukewa, ba mai ƙwace masa. Ba wanda zai ce don haka ya fi mu ƙarancin son abin. In kuma da shekarar farawa ake awo, to mu ma kada mu ɗaga murya da yawa. Akwai waɗanda suka buga Pong a 1972, suka buga Space Invaders a 1978 da Pac-Man a 1980, lokacin da yawancinmu ba a ma haife mu ba, jihar Katsina kanta ba a ƙirƙiro ta ba sai 1987. A idon waɗancan, mu ne 'yan bana-bakwai, waɗanda suka zo a makare, kuma da jabun kaya suka fara. Duk wanda ya kafa wannan ma'auni zai tarar da wani a gabansa da zai kore shi da shi.

Waya ce ta rushe bencin. Layukan GSM sun fara aiki a Najeriya a 2001, suka ɗauki lokaci kafin su game ƙauyuka, kuma da su wasan macijin Nokia ya shigo aljihun mutanen da ba su taɓa taka gidan gem ba. Na san 'yan kasuwa da malaman makaranta da za su rantse ba su taɓa buga gem ba, alhali sun ƙarar da batir a kan macijin nan suna jiran mota ta cika a tasha. Bayan haka sai wayoyin shafa masu sauƙin kuɗi, Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin yake yin su. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke nan tun da, ya tara matasa daga sassa daban-daban a kusa da mu, da kwamfutocinsu na cinya da sababbin wasanni, shagunan PlayStation na zamani suka samu kasuwa, abin ya riƙa gangarowa Kurfi da Birchi da Barkiya ta hannun ɗalibai da 'yan acaba. Wasan da a da sai an yi tafiya a sayo, yanzu aboki ne zai tura maka ta manhajar Xender kuna tsaye a bakin masallaci.

Yaron yau ba ya jiran wani yaya ya tashi. Free Fire, da kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, an yi shi ne musamman don ya tashi a kan ƙaramar waya: mutum hamsin a tsibiri guda, minti goma a gama. PUBG na waya ya biyo a 2018, Call of Duty na waya a 2019. Ɗan shekara goma sha uku a Rawayau zai haɗa tawaga da wani a Maraɗi da wani a Legas, suna magana ta abin kunne, suna raba aiki, wane ya tsare ƙofa, wane ya zagaya ta baya. Na sa ido na kalli yadda suke yi da yatsu huɗu a kan gilashin da ya tsage, babban yatsa na tafiya, manuni na harbi. Wanda ya ce wannan ba gwaninta ba ce, a ba shi wayar ya gwada. Kuma su ma suna biyan nasu farashin, kawu ne bai iya ƙirga shi ba: kuɗin data, kuɗin caji a shago, wayar da ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar faɗa, da yayan da zai dawo ya ce a ba shi wayarsa.

Labarin da ya fi burge ni a wannan gardama a Amurka ya faru, kuma a kan Tetris ɗin nan ne na birik gem ɗinmu. Tun 2010 ake gasar duniya ta tsohon Tetris na Nintendo wanda ya fito a 1989, a kan tsohuwar na'ura da tsohuwar talabijin. Gasar manya ce, mutanen da suka taso da wasan, kuma Jonas Neubauer ya ci bakwai daga cikin takwas na farko. A 2018 sai ga Joseph Saelee, ɗan shekara 16, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan fitowar wasan, ya koya ta kallon bidiyon gasar a YouTube, ya zo ya doke Neubauer a wasan ƙarshe. Neubauer, mai shekara 37 a lokacin, bai ce yaro bai san Tetris ba. Ya taya shi murna a gaban jama'a, kuma daga nan yara suka yi ta kwararowa cikin gasar. Suka ƙirƙiro sabuwar hanyar riƙe madannin, suna kaɗa shi da yatsu ta ƙasa, suka wuce matakan da manya suka ɗauka ɗan Adam ba zai iya wucewa ba. A watan Disamba na 2023 Willis Gibson, ɗan shekara 13 daga jihar Oklahoma, ya kai mataki na 157 har wasan ya daskare don kansa, abin da ba wani mutum da ya taɓa yi cikin shekara 34. Neubauer bai ga wannan rana ba, ya rasu a farkon 2021. Da manyan can sun tsare ƙofa da maganar shekaru, da wasan nasu ya tsufa tare da su.

Mu ma an yi mana namu gwajin, ko da yake ba wanda ya roƙa. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Kurfi da Dutsin-Ma, sai a Disamba aka fara maido da su. A wannan tsakanin gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan. Lokaci ne na tsoro da asara, mutane na tafiya har Katsina don kawai su kira ɗan'uwa, kuma gem shi ne ƙarshen abin da ya dami kowa. Amma na lura da abu ɗaya. Yaran da ake cewa ba su san wahalar gem ba, da Free Fire ya mutu a hannunsu, ba su watsar ba. Suka koma Dream League da sauran waɗanda ba sa buƙatar intanet, suka riƙa haɗa waya da waya suna karawa, suna lallaɓa cajin da suka samu a gidan mai sola, mutum biyar a kan waya guda, wanda aka ci ya miƙa. Ba wanda ya koya musu, sai ga su sun sake gina bencinmu a gindin bishiya. Wasu yaran kuma, da wasu manyan, suka bari ba su sake komawa ba. Rabuwar ba ta bi layin shekaru ba ko kaɗan.

Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsuke gidajen gem. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. Mai shagon da ke dogara da janareta dole ya ƙara kuɗin wasa, ko ya nemi sola, ko ya rufe. Wurin da tsofaffin hannu ke ɗauka shi ne makarantar gem ta gaskiya yana neman fin ƙarfin aljihun yaro, don haka ba adalci ba ne a ce sai wanda ya zauna a can ne ya sani.

Akwai kuma waɗanda ma'aunin kawu ya share gaba ɗaya ba tare da ya lura ba. Yayyenmu da ƙannenmu mata ba su taɓa ɗaga labulen shagon nan ba, ba kuma za a bar su ba. Iyakarsu birik gem idan mun ajiye, shi ma a ɓoye. Waya ce ta kai musu wasa har tsakar gida. Yau akwai matan aure a Kurfi da suka yi nisa a Candy Crush, wasan da ya fito a 2012 mai matakai dubbai, akwai masu karawa da 'yan'uwansu na wani gari a Ludo King bayan an kwantar da yara. Tsohon hannu zai taɓe baki ya ce wannan ai ba gem ba ne. To jera bulo a birik gem fa? Matar da ta shekara tana komawa kan mataki guda mai wuya har ta wuce shi, irin haƙurin mai rai uku a Mario take yi, shi dai nasa a gaban jama'a ya yi, ita kuma nata a ɗaka.

Saura maganar dattawa, wadda ta fi ta yara ciwo a wurin tsarana, don ita ce ke sa mutum ya ɓoye. Na san magidantan da ke da PlayStation a ɗaki, in baƙo ya tambaya su ce na yara ne. Na san wanda ke zuwa shago sai dare ya raba, ya zauna a lungu. Amma dattawan nan da kansu suna da dara. Gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da kara wancan da duwatsu, a wuni ana neman jera uku, ana gardama, ana tsokana, 'yan kallo sun kewaye. Malamai sun daɗe suna jan kunne a kan ɓata lokaci a wurinta, amma ba wanda ya taɓa cewa dara wasan yara ce, don kowa ya buɗe ido ya ga masu furfura suna yin ta. Gem bai samu wannan ba tukuna a ƙasar Hausa saboda dalili mai sauƙi: waɗanda suka fara shi yanzu ne suke shiga shekara arba'in da hamsin. A Japan, inda ya riga mu tsufa, Shigeru Miyamoto da ya ƙirƙiro Mario haifaffen 1952 ne. Hamako Mori, wadda aka haifa a 1930, ta fara buga gem tana da shekara hamsin da 'yan kai, kuma a 2020 kundin Guinness ya sa sunanta a matsayin wadda ta fi kowa tsufa cikin masu nuna wasansu a YouTube, tana da shekara 90. Kamfanin Nintendo kansa tun 1889 yake, da buga katin karta ya fara.

Ba ina cewa tsoron dattawa banza ne ba. Akwai magidancin da gem ya sa ya bar shagonsa a hannun yaro, akwai ɗalibin da ya kwana yana harbi ya wayi gari ya kasa zuwa aji, akwai mai jin kiran salla ya ce bari a tashi wasa. Akwai kuma caca da ke raɓewa a jikin gem, ko a sa kuɗi a kan wasa tsakanin abokai, ko shagunan da ke nuna ƙwallon kwamfuta ana zuba kuɗi a kai, kuma wannan ba shi da mai kare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, kuma alamomin da ta lissafa su ne mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Ba ta ce daga shekara kaza zuwa kaza ba. Ɗan sha biyar na iya faɗawa, ɗan arba'in da biyar ma haka.

Inda shekaru ke da magana ta gaskiya shi ne wurin tarbiyya, kuma a nan tsarana ne ya kamata su buɗe baki, amma sun shagala da gardamar wa ya fi wa. Ƙasar Sin a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ba mu da irin wannan doka, uba ne dokar. Iyayenmu ba su san abin da ke cikin talabijin ɗin nan ba, shi ya sa maganinsu ɗaya ne, bulala. GTA San Andreas da ya fito a 2004 an rubuta a kwalinsa cewa na manya ne, amma 'yan shekara goma suka yi ta sace motoci a cikinsa a shagunanmu, ba mai shagon da ya taɓa duba kwali, in ma faifan ya zo da kwali. Uban da ya yi wannan zamani shi ne na farko a tarihin garin nan da zai iya karɓar wayar ɗansa ya gane abin da yake gani: wannan ƙwallo ce ba komai, wannan akwai baƙi da ke magana da shi a ciki, wannan kuma yana cin kuɗi da sunan sayen riga da bindiga. Wannan ilimi ya fi sirrin rai talatin amfani, kuma ba ya samuwa ga wanda ya tsaya daga nesa yana cewa ba su san gem ba.

Jiki ma yana da nasa hukuncin, wannan ba a musu. Ido na raguwa, yatsa na yin nauyi. Waɗanda ke cin manyan gasa galibi matasa ne: Mosaad Aldossary na Saudiyya yana da shekara 18 ya ci kofin duniya na wasan FIFA a Landan a 2018, Kyle Giersdorf yana da 16 ya ci dala miliyan uku a gasar Fortnite a 2019. Amma iyawa daban, so daban. Da iyawa ce ma'auni, da duk masu cika gidajen kallon ƙwallo a Kurfi ranar da Arsenal ke wasa ba masoya ƙwallo ba ne, don rabinsu ba za su iya zagaye fili sau ɗaya ba. Abokaina da yawa yanzu sun fi jin daɗin ɓangaren saye da sayar da 'yan wasa da tsara tawaga fiye da gudu da ƙwallo. Winning Eleven ɗinsu ma, wanda a wajen Japan ake kira PES, ya canza suna, a 2021 ya koma eFootball, FIFA kuma ya zama FC a 2023, suna ta ƙorafi suna kuma bugawa.

Na taɓa kawo shawara a majalisarmu cewa a daina cacar baki, a shirya karawa a hutun salla, gida da waje. Zagayen farko a kan tsohon PlayStation da Winning Eleven mai Japananci, na biyu a kan waya, kawunnai a gefe guda, 'ya'yansu a ɗaya gefen. Hasashena shi ne manya za su ci na farko da ƙyar, albarkacin Babangida da haddar rubutun da yara ba su sani ba, a zagaye na biyu kuma a yi musu ruwan ƙwallaye. In aka bar wa yaran tsohuwar na'urar ta kwana goma sha huɗu, to duka biyun za su cinye. Kowa ya yi na'am, har aka fara rabon wa zai kama wa. Wani ya ce shi dai kada a haɗa shi da ɗansa na fari, a ba shi ɗan maƙwabci. Abin da ya tsayar da maganar shi ne an bincika gida-gida ba a samu tsohon PlayStation mai tashi ko guda ba. Na wani 'yan gwangwan sun saye shi tun tuni, na wani ruwan sama ya shiga, na wani kuma yara sun kwance shi suna neman maganaɗisu. A ƙarshe wani ɗan sakandare da ke zaune a gefe yana jin mu ya ce, "Kawu, ai ba sai kun wahala ba, akwai manhajar da ke tayar da shi a waya. Ina da shi, har na ci kofi da Najeriya."